Na Ga Zaren Ba Zai Riƙe Ba, Na Yi Shiru

Assalamu alaikum Anti Rahmat. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma da wuri, domin abin da ke damuna yana da rana, ranar kuwa saura kwana tara. Ki ɓoye sunana. Na canza sunayen mutanen ma, ko da yake duk wanda ya san mu zai gane.

Shekarata arba'in da ɗaya, ina zaune a Akurba nan Lafia da mijina da yara huɗu. Kakanmu maƙerin azurfa ne, daga Kano ya zo garin nan tun kafin a haifi babanmu, yanzu yayana Ya'akubu ne ke riƙe da maƙerar. Ni ba na taɓa wuta, amma tun ina yarinya nake shirya duwatsu a zare. Shekara goma sha bakwai ke nan ina haɗa wa mata sarƙa da awarwaro da 'yan kunne. Ni ke zanawa, Yaya ya ƙera abin da ke buƙatar ƙira, in haɗa. Abin da aka san ni da shi shi ne ƙarko. Akwai matar da na yi wa sarƙa, ta goyi yara uku kowanne yana jan ta, har yau tana wuyanta. Ba yabon kai ba ne, kowa ya sani.

Shekara shida da suka wuce muka yi sabuwar maƙwabciya, Ngunan, 'yar ƙabilar Tibi ce, daga wajen Agyaragu suka taso. Wata rana ta kawo mini sarƙar da take zuwa coci da ita ta tsinke, na gyara tana kallo, sai ta ce in koya mata. Na koya mata don Allah. Muka shaƙu har muka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Da Sallah yaranta a gidana suke wuni, da Kirsimeti kuwa sai ta kamo kajinta ta kawo wa maigidana ya yanka, don mu ma mu ci. Ranar da aka yi mini tiyata ita ta riƙe gidana sati biyu. Ina faɗa miki wannan ne don ki san ba muguwa ba ce. Da muguwa ce da abin ya zo mini da sauƙi.

Ngunan tana da wata baiwa da ni ba ni da ita. Idan mace ta zo, ni nakan tambaye ta launi da tsawo. Ita kuwa sai ta zaunar da mace ta yi ta jan ta da hira, wa za a ba, me ya faru, wa ake tunawa. Daga hirar nan sai ta fitar da zane, mace ta gani ta fashe da kuka. Ta iya ɗaukar hoto ta sa a waya. Yanzu tana da shago kusa da kasuwa, ana yi mata oda daga Abuja da Makurdi. Ni da na koya mata riƙe allura, an fara tambayata a biki ko ni ce ƙawar Ngunan mai sarƙa. Nakan yi dariya in ce ni ce, amma in koma gida abinci ya ƙi shiga. Kullum sai na buɗe shafinta na karanta yabon da ake mata, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sosa gyambo.

Duk wannan na iya haɗiyewa. Ga abin da ya karya ni. Akwai Hajiya Sabuwa, mutumiyar Adogi, kwastomata ce shekara goma sha biyu. Tana da murjani goma sha tara na mahaifiyarta, marigayiya. Tsohuwar nan manomiya ce, duk shekarar da riɗi ya yi kyau sai ta sayi murjani ɗaya ko biyu ta ajiye, haka ta tara su. Na san ta, na sha cin gyaɗar da take aiko mana. Hajiya ta taɓa kwance ƙullin da suke ciki ta nuna mini su, ta ce ranar auren 'yarta Rumaisa ni zan shirya su. Shekaru ina tunanin yadda zan yi aikin nan. Da auren ya tashi, Rumaisa ta ga aikin Ngunan a waya ta ce ita take so. Hajiya ko kirana ba ta yi ba. A bakin Yaya na ji, domin wurinsa Ngunan ta kai aikin azurfar. Ta zana ƙananan kwanson riɗi na azurfa, a sa tsakanin kowane murjani da ɗan'uwansa, don tunawa da kakar. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya zauna a tsakar gidana yana ta yabon zanen, wai tun da yake ƙira bai taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba.

Ranar Talata da la'asar sai ga Ngunan da sarƙar a naɗe cikin hankici. Anti Rahmat, sarƙar ta yi kyau. Ko shekara zan yi ba zan tuna da kwanson riɗi ba, alhali a cikin riɗi na girma. Amma da na juya ta a hannuna sai na ga matsala. Siririn zaren roba ta sa, guda ɗaya tak, don sarƙar ta kwanta a wuya ba a ga zare ba. Ba ta yi ƙulli tsakanin duwatsun ba. Tsohon murjani kuwa bakin hudarsa kaifi gare shi, yana cin zare a hankali, ga nauyin azurfa. Sabbin duwatsu ta saba aiki da su, ba ta sani ba, ni ma ban taɓa koya mata wannan ba. Idan zaren ya tsinke, ba guda ɗaya zai faɗi ba, duka za su watse. Kin kuwa san bikinmu, rawa, rungume-rungume, kowace mace sai ta ja sarƙar amarya ta duba.

Sau uku tana tambayata. Ita har yau Hausarta ba ta raba mace da namiji, ta ce, "Anti, ka duba da kyau, kai ne malam na." Na ce ba ta da matsala. Ta rungume ni ta tafi.

Tun ranar zuciyata biyu. Ɗaya tana nuna mini sarƙar ta tsinke a tsakiyar fili, murjani ya bazu ƙarƙashin ƙafafun mutane, Hajiya ta dawo gidana tana ba ni haƙuri. Har fuskar tausayin da zan yi na shirya, Allah ya yafe mini. Ɗayar kuma tana tuna mini tsohuwar nan sunkuye a gona, da cewa idan guda ya ɓata babu kasuwar da za a sayo shi. Ina salla ina mance raka'ar da nake. Maigidana ya tambaye ni, na ce ciwon kai ne.

Idan na koma yanzu, me zan ce mata? Za ta tambayi abin da ya hana ni faɗa tun farko, ko ta ce hassada ce ta sa nake neman aibi. Idan kuma na gyara, aikina zai ɓuya cikin duwatsu, ita a yi ta yaba mata. Ko Hajiya zan kira in gaya wa? Ko in bar abin ga Allah? Kuma ni ba a cuce ni ba?

Taki,
Mai Zare, Akurba, Lafia

Wa alaikumus salam Mai Zare, 'yar'uwata.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe. E, an ɓata miki. Hajiya Sabuwa ta yi miki alkawari da bakinta, da ta canza shawara ya kamata ta tako ko ta kira. Shirun da ta yi ba daidai ba ne, ko da kunya ce ta hana ta. Ganin wadda kika koya wa aiki ta sha gabanki kuma yana da zafi, duk wanda ya ce ba ya ji bai faɗi gaskiya ba. Ba zan yi miki faɗa a kan abin da ya tsiro a zuciyarki ba. Abin da ya fito daga bakinki ranar Talata shi ne maganarmu.

An tambaye ki a matsayin malama, sau uku, kika ba da amsar da kin san ba haka ba ne. Wannan ba barin abu ga Allah ba ne, amana ce aka miƙo miki kika sake ta. Kuma ki lura da wanda zai yi asara. Ngunan za ta ji kunya na wata ɗaya ta ci gaba da aikinta. Rumaisa ce za ta rasa abin kakarta har abada, ita kuwa laifinta kawai ta ga abu ya burge ta. Hoton nan da zuciyarki ke nuna miki ma bai cika ba. Idan sarƙar ta tsinke, abu na farko da Ngunan za ta faɗa cikin kuka, ba da mugun nufi ba, shi ne ta kai miki kin duba kin ce lafiya. Daga nan ƙarkon da kika yi shekara goma sha bakwai kina ginawa shi zai shiga bakin mutane.

Kada ki kira Hajiya. Zagaye ƙawarki a kai ƙara wurin mai kaya hassada ce ta sa mayafin nasiha. Ki je wurin Ngunan yau, ba gobe ba, da zarenki mai ƙarfi da allurarki. Ki ce mata kin ga matsalar tun ranar, ranki ne a ɓace saboda an taɓa yi miki alkawarin aikin, shi ya sa kika yi shiru, ta yafe miki. Magana biyu ta isa, ba sai kin zazzage mata shekara shida ba. Mai yiwuwa ma ba ta san da alkawarin ba, domin ban ga inda kika ce kin gaya mata ba. Sannan kada ki tsaya bayani da baki. Ki ɗauki murjani ɗaya, ki zura irin zarenta, ki goga a bakin hudar ta ga yadda yake cinyewa da idonta. Ki bar ta ta sake shiryawa da hannunta, kina nuna mata yadda ake ninka zare da ƙulli bayan kowane dutse. Darasi ne da kika rage mata, ki cika shi. Tana iya jin haushi na kwana biyu, ki jure, kin jawo.

Batun yabo kuwa, kada ki nemi a ambaci sunanki. Amma ki daina cewa ba ki da baiwarta alhali ba ki taɓa gwadawa ba. Mace ta gaba da za ta zo miki, ki ba ta ruwa ki tambaye ta wa za a ba, kafin ki tambayi launi. Idan abin ya ƙi, ki ce Ngunan ta koya miki, ba faɗuwa ba ce. Ki huta da buɗe shafinta na wata guda, ki kuma gaya wa maigidanki gaskiyar ciwon kan nan. Bayan biki ya watse, ki samu Hajiya ku biyu ki gaya mata kin ji zafi, sau ɗaya, cikin ladabi, ki rufe maganar.

Ki je bikin, ki zauna inda za ki ga amarya sosai, ki kalle ta tana rawa hankalinki kwance. Allah ya wanke miki zuciya, ya sa albarka a hannuwanku ke da Ngunan, ya ba Rumaisa zaman lafiya a ɗakinta.

Anti Rahmat