Na musanya wa tsohuwa littafin da ke ɗauke da sunan mahaifinta

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi, ina gaishe ku manya da ƙanana. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don na riga ku zagin kaina.

Ni malamin makaranta ne a Ikara, kuma ina da wata jaraba: tara tsofaffin bugu na littafin wani soja ɗan ƙasar Kudan, wanda ya riƙa rubuta abin da ya gani kullum a yaƙin Bama, da ajami. Na samu bugu na biyu da na uku, amma na farko ya gagare ni. Ba inda ban shiga ba a Maƙarfi da Taba, har 'yan acaɓa suna yi mini tsiya wai ga malam mai neman takardun da gara ta rage.

Sai na ji labarin wata tsohuwa a Saulawa mai bugu na farko, bari in kira ta Iya. Tana jaririya a goye mahaifinta ya tafi yaƙin, bai dawo ba. A cikin bugu na farko akwai shafin da sojan ya ambaci sunansa, ya ce sun yi masa wanka, sun sallace shi, sun binne shi yana fuskantar alƙibla. Abin da ta mallaka na ubanta ke nan. Ba ta karatu, idonta ma ya tafi, amma duk bayan Sallar layya tsohon limaminsu yakan karanta mata wurin, ta yi kuka, ta raba waina sadaka.

Na je wurinta, na karanta shafin a tsakar gidanta. Na ce, "Iya, bangon ya mutu, ki ba ni in kai Zariya a ɗinke miki." Ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, ka riƙe mini shi kamar idonka." Wallahi haka ta ce. Ni kuwa sai na sa aka yi wa bugu na biyu sabon bango na kai mata. Na ce a raina ai magana ɗaya ce, wa zai gane? Ban tsaya na gwada su ba, ashe masu bugu na biyu sun taƙaita littafin, sun cire wannan shafin ɗungurungum.

Nata kuwa kunya ta hana ni jera shi a kantar littattafaina. Na cusa shi cikin buhun tsofaffin takardun alƙur'ani da suka yayyage a zauren gidanmu, don na san ba mai taɓa su. Gab da azumi yayana ya kwashi buhun ya haɗa da na masallaci aka ƙone, kamar yadda ake yi don kada a taka sunan Allah. Da murnarsa ya tare ni, "Na rage maka aiki, malam." Innalillahi! Me zan ce masa? Na ɓoye kayan sata a cikin takardun alƙur'ani?

Tsohon liman ya rasu a wannan shekarar. Bayan Sallar layya sabon liman ya buɗe littafin ya duba daga farko har ƙarshe, ya ce, "Iya, babu sunan Baba a nan." Mutanen gida suka ce rikicin tsufa ne. Ita kuwa ba ta zargi kowa da sata ba, ina ma ta zarge ni! Abin da ta ɗauka shi ne duk shekarun nan marigayi liman tausayinta yake ji, yana ƙirƙiro mata ƙarya. Bana ba ta yi waina ba.

Na je gaishe ta, ta lalubo hannuna ta ce, "Ɗan nan, kai da ka karanta, tsakaninka da Allah, an sallaci babana?" Na ce, "Wallahi Iya na gani da idona." Ta saki hannun ta ce, "Kai ma tausayina kake ji."

Na sake bin ƙauyukan nan kaf, na roƙi masu tsofaffin littattafai a Zariya, babu mai bugu na farko. In na faɗi gaskiya na zama ɓarawon da ya cuci makauniya, kuma wa zai karɓi shaidar ɓarawo a kan shafin da ya zama toka? In na yi shiru za ta mutu tana zaton an yar da ubanta a daji ba salla, tana kuma ganin bawan Allah da ke kabari maƙaryaci ne. Jikinta ya yi rauni sosai, 'yarta ta ce ko fura sai an lallashe ta.

Littattafan da na tara suna nan a kantar ɗakina, ko kallonsu ba na iya yi. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?