Na Cire Ɗinkin Kwanon Mahaifiyata

Goggo Shulan, don Allah ki taimake ni. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Shekarata hamsin da biyu, direban bas ne ni a birnin Nanchang na ƙasar Sin, amma na tafka abin da ko ƙaramin yaro ba zai yi ba.

Babana mai ɗinke tangaran ne. Sa'o'ina za su tuna da irinsu: sanda a kafaɗa, akwati gaba akwati baya, suna bin unguwanni suna kira. In kwano ya fashe sai su haɗa shi, su yi 'yan huji da ba sa ɓullawa ciki, su kafa ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe masu ƙafa biyu su riƙe tsagin, ko ɗigon ruwa ba ya fita. A wannan sana'ar ya haɗu da mahaifiyata. Ta fasa kwanon kakarta, fari mai zanen kifi shuɗi, ta fito da shi tana kuka. Aikin rabin yini ne, amma Baba ya kwana uku yana zarya ƙofar gidansu kafin ya gama kafa ƙusa goma sha uku. Har ta rasu tana tsokanarsa, wai shida ma sun isa, sauran bakwai ɗin na neman aure ne.

Shekara tara ke nan da rasuwarta. Baba ya haura tamanin, idanunsa sun tafi. Kullum da safe a kwanon nan yake shan kunun shinkafa, kuma ba ya kai cokali baki sai ya bi ƙusoshin da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

Kin dai san yadda zamanin ya koma. Kowa ya kifa kwanon gidansu yana duba gindi, talabijin kullum gwanjon kayan da, wai tukunyar wane ta sayi gida. Ni ma abin ya shige ni. Na nuna wa wani dillali hoton kwanon a kasuwar tsofaffin kaya, ya ce na zamanin sarakunan Qing ne, ya fi shekara ɗari biyu, sai dai ɗinkin talakawan nan ya kashe masa daraja. Ya ce ya san mai gyaran zamani da zai shafe tsagin kamar bai taɓa fashewa ba. Goggo, a hawa na shida muke, matakala ce zalla. Shekara biyu Baba bai taka ƙasa ba sai in na goya shi zuwa asibiti. Na rantse gida nake so in sama masa a hawan ƙasa, ya riƙa zama a rana da tsofaffi 'yan'uwansa.

Da aka kwantar da shi sati biyu saboda ciwon ƙirji, na ɗauki kwanon na kai wa mai gyaran. Aka zare ƙusoshin, aka cike hujin da gam, aka bi da fenti. Na hau jirgin ƙasa zuwa wani gidan gwanjo a Shanghai ina ta murna. Matar da ke tantance kaya ta haska shi da wata fitila, duk gyaran ya bayyana. Ta ce yanzu tsohon ɗinki ake nema ruwa a jallo, wannan shafe-shafen kuwa ba za su karɓa ba. Ta daɗe tana kallon sawun hujin, ta ce wanda ya yi su gwani ne na gaske, ta tambaye ni ko na san shi. Na ce mata a'a. Ubana fa!

Ba asarar ce ta sa na rubuto miki ba. Ranar da Baba ya dawo na zuba masa kunu na miƙa. Ya bi kwanon da yatsa sau uku, ya ce wannan ba kwanon uwarka ba ne. Na ce shi ne mana, Baba. Ya shafa gindin, ya ji ɗan tsohon ɓallin da ya sani. Sai ya ce, "To ashe ni ne. Kaina ya fara tafiya."

Tun ranar ya daina ba da labari. Shekaranjiya ya tambaye ni a hankali ko da gaske ya taɓa ɗinke wa uwata kwano, ko mafarki ya yi. Na yi kamar ban ji ba. Abinci cokali uku yake ci ya ture. Matata Peizhen ta ce in ban faɗa masa ba ita za ta faɗa. Na koma wurin mai gyaran, na tono ƙusa goma sha ɗaya a cikin tarkacensa, biyu sun ɓata. Suna aljihun rigata, da su nake tuƙi. Zuciyata ta karye, Goggo. In na faɗa, ina tsoron ya mutu yana fushi da ni. Yaya zan yi?

Ɗan mai ɗinki, Nanchang

Amsar Goggo Shulan

Ɗana, na yarda da niyyarka. Wanda ke goya ubansa hawa shida ba ɓarawon gida ba ne, kuma ba kai kaɗai zazzaɓin gwanjon nan ya kama ba. Wasiƙu irin taka sun cika mini tebur. Amma laifi biyu ka yi, kuma ba girmansu ɗaya ba. Cire ƙusoshin kuskure ne na kwana guda. Shirun da kake yi kuwa, kullum kake sabunta shi. Mutum ya rasa matarsa, ya rasa idonsa, abin da ya rage masa tunaninsa ne, kai kuma ka bar shi yana zargin wannan ɗin ma.

Kana tsoron fushinsa. Zai yi fushi, kuma yana da gaskiya. Bar shi ya yi. Tsohon da ke zaginka da hankalinsa ya fi wanda ya yi shiru yana zaton ya zauce.

Gobe da safe, kafin kunu, ka zauna kusa da shi. Kada ka bar wa Peizhen, ba ita ta ɗauki kwanon ba. Kada kuma ka fara da zancen hawan ƙasa, uzuri ya jira. Ka buɗe tafinsa ka zuba masa ƙusoshin, ka ce kansa lafiya lau, kai ne ka cire. Ka faɗa masa abin da matar Shanghai ta ce game da aikinsa, har da amsar da ka ba ta.

A daina zuba masa abinci mai zafi a kan gam da fenti. Ka nemi gwani ya wanke gyaran a hankali, hujin Baba suna nan a ƙarƙashi. Sannan ka sauko da akwatunansa. Shi ba ido, kai ba ƙwarewa. Ya ɗora hannunsa a kan naka ku mayar da su tare, ko da wata guda za ku yi. Maganar gida kuma, ka je ofishin unguwa ka tambayi musayar hawa ko haya, ana yi ba tare da an sayar da komai ba.

Biyun da suka ɓata kada ka saya. Ka lanƙwasa su da kanka. Za su fito a karkace, yatsansa zai gane su nan take, kuma kullum da safe zai san wanda ya kafa su.

Ina yi wa Baba fatan lafiya da nisan kwana. In wani ya sake tambayarka ko ka san wanda ya yi hujin nan, ka faɗi sunansa da ƙarfi.