Hannu Tara a Taron Rijiya

Mai ba da shawara, don Allah ka agaza mini kafin hawan jini ya kai ni ƙasa.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Shekara talatin da biyar na yi ina shaƙar ƙurar alli, yau ɗaliban nawa sai sun ga dama suke gaishe ni. Ni ne kuma magatakardan kwamitin unguwarmu, wadda kakanninmu suka sare dajinta. Cikin shekara goma baƙi sun kwararo mana daga wata ƙasa, har nakan yi rabin yini a ƙofar gidana ban ji harshenmu ba. Ban tsane su ba. Mai gyara mini tabarau ma ɗayansu ne.

Makon jiya aka kira taro kan rijiyar da kakana ya haƙa. Baƙin suna so a cike ta a yi wurin ajiye kekunan dakonsu, wai ai kowa na da famfo. Mu, kamar yadda muka saba, kowane babban gida dattijo ɗaya ya turo. Mu tara muka je, muna dogara sanda. Su kuwa maza da mata, har da masu goyo, suka cika ajin da muke taro. Aka ɗaga hannu: mu tara, su sittin da biyu. Sau biyu na ƙirga. Ƙanena, da ya fi kowa zagin baƙi, yana gida yana barcin rana, wai ai na wakilce shi. Alhali har gobe mu muka fi yawa!

Abin haushin, dokar da ta ba kowane mazauni ƙuri'a ɗaya, ni na rubuta ta, lokacin ina zaton ilimi zai gyara duniya. Yanzu rahoton taron na gabana. In na sa hannu, ran Litinin za a zuba ƙasa. In yaga shi ne? Ashe mutum ba shi da ta cewa a mahaifarsa?

Tsohon Malami

Malam, takaicinka da dalili. Ba laifi ba ne mutane su so riƙe abin da iyayensu suka bari, kuma ya kamata baƙo ya tambayi tarihin wuri kafin ya ɗauko shebur. Amma ba su yi maguɗi ba. Dokarka suka bi, naku ne suka zauna a gida.

Kada ka yaga komai. Ka sa hannu, tunda abin da ya faru ka rubuta. Sannan kafin Litinin ka taka da kanka wurin dattawansu, ka gaya musu wanda ya haƙa rijiyar. Mai yiwuwa su rami kawai suke gani. Bukatarsu ta gaskiya ce, don haka ka tafi da shawarar wani filin, ka roƙi a dakatar da aikin a sake zama.

In sun amince, ka bi gidajenku ɗaya bayan ɗaya, kowane baligi ya fito. In suka sake noƙewa, Malam, ba baƙi ne suka cike rijiyar nan ba.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ƙara lafiya.