Zaren da Na Hana a Yanke

Kathir nawa, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar da na raɓa ranar da gidan ubana ya rufe mini ƙofa,

Daga ɗakina na garin Villupuram nake rubuto maka, sanye da farin sari na takaba. Ka san al'adarmu a bikin Koovagam, mu da aka haifa da jikin maza muka tashi mata. Jiya malamin ɗakin bauta ya ɗaura mana a wuya zaren aurenmu da abin bautarmu Aravan, yau da safe aka ce ango ya mutu, aka farfasa mana awarwaro, aka yanke zaren. 'Yan'uwana suna yi wa Aravan kuka. Ni kai nake yi wa, babu wadda ta gane.

Ka tuna ranar da ka ɗaura mini naka zaren, mai guntun kurkum, a bayan adaidaitarka, ruwa yana dukan tamfal? Ƙullin ya yi ta kwance maka, har na ce, "Ƙaton direba, ƙulli uku ya gagare ka?"

Sai ga watan jiya a danja, ina tafa hannu ina bin motoci ina bara, sai ga adaidaitarka ta tsaya. Mahaifiyarka tana zaune a baya, ta miƙo mini canji kamar yadda ake neman albarkar irinmu, ta ce, "Ke, sa wa ɗana albarka ya samu matar kirki." Na ɗora tafina a kan gashin da na sha shafa wa man kwakwa, na sa maka albarka. Kai kuwa ka kafe jar fitila da ido kamar ita ta haife ka. Ashe haka nake da wuyar kallo?

Na rubuta waƙa a kan jifan da yara suke mini, na yi a kan marin babana. A taron marubuta an tafa, an share hawaye, a bas kuma kujerar kusa da ni ta iso gida babu kowa. Duk na jure. Amma ranar danjar nan ta ƙi shiga baiti. Kaɗaici yana cin raina, Kathir.

Yau da malamin ya yanke na Aravan, sai ya hango naka a wuyan rigata, ya kai wuƙa. Na damƙe. Ya ce, "Saki mana, mutane na jira." Na ce, "Wannan mijin da ransa."

Ban ce ka kai ni gaban mahaifiyarka ba. Ka dube ni kawai idan fitila ta tsayar da kai. In kuwa ka gaji da ni, zo ka yanke da hannun da ya ƙulla. Ba zan yi maka takaba kana raye ba.

Taka, da zaren nan a wuya ko babu,
Poongodi