Ruwan da Na Zuba wa Shasi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni ne Shekara ɗan Sallau maƙeri, mutumin Matameye. Ina kwance a Jos, a ɗakin haya bayan garejin da nake aiki. Ciwon ƙirji ya ci ƙarfina, amma hankalina yana nan daram, na san abin da nake faɗa. Malam Cha'ibu na Dawce, da muke salla tare a nan, shi ne shaida, shi zai kawo muku takardar nan, ku 'ya'yana Manu da Balki da Mariyama. Muna cikin Safar, shekarar Nasara 1956.

Na ɗaya. Gida da gonar hanyar Tsauni, Allah ya riga ya raba su. Ku kai gaban malamai, uwarku ta karɓi tumuninta, kowa ya ɗauki nasa. Roƙona ɗaya, uwar maƙera da zugazugai su faɗa rabon Manu, kada a raba su.

Na biyu, kuma saboda shi na nemi takarda. Manu, shekara uku ko gaisuwa ba ka aiko mini ba. A bakin 'yan ci-rani na ji ka ɗaure shasin motata inda ya karye, kana shirin ɗora mata gyaɗa bana, har da amalanke a baya. Ban yarda ba. Ko buhu ɗaya kada ya hau ta. Na san ba za ka ji ba sai an faɗa maka dalili, halina ka ɗauko. To ga dalilin.

Kun tuna ranar da na kawo ta daga gwanjon Damagaram, ƙarama mai buɗaɗɗen baya, ragowar motocin soja. Buhu goma sha biyu take ɗauka. Masu sayen gyaɗa suka riƙa yi mini dariya, wai akuya na sayo, suna ba manyan motoci kaya ina tsaye ina kallo. Abin ya ci mini rai. Na je Kano na sayo faffaɗan ƙarafa, na ce zan ƙarfafa shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da duk motar ke zaune a kansu. Na ƙara mata sifirin, ƙarafan da ke rage girgiza, na ƙera ƙugiya a baya don jan amalanke. Wajen huda ramukan ƙusa na tara gawayi na zuga, shasi ya yi jawur. Da na gama dasa ƙarafan sai na ɗauko tulu na kwarara masa ruwa, dama da hagu, yadda ubana ya koya mini a bakin gatari don ya yi tauri. Na buga masa guduma, ya amsa da ƙara mai daɗi. Shekarar nan buhu ashirin ta ɗauka, da goma a amalanke. Masu dariya suka koma gaishe ni.

A shekara ta biyu, a kwarin da ke gab da Ɗan Barto, gefen dama ya ɓalle. Kaya ya juye. Isufu mijin Balki yana zaune bisa buhuna, a ƙarƙashinsu aka zaro gawarsa. Ƙanena Bawa ke tuƙi. Jandarma suka ce gudu ne, gari ya ɗauka, aka karɓe masa takardar tuƙi, har yau ina jin ba mai ba shi ko jaki ya kora.

Washegari na je na duba wurin karayar ni kaɗai. Ƙarfen bai lanƙwashe ba, bai miƙe ba. Ya tsage ne kamar tukunya, cikinsa yana ƙyalli kamar gishiri. Duk maƙeri ya san ma'anar wannan. Na ɗebi baƙin mai da ƙasa na shafe wurin. A gaban kumandan, baturen mulki, Bawa ya yi ta kallona yana jira in yi magana, ni kuwa ina kallon takalmina. Ba neman kuɗi ya kawo ni Jos ba kamar yadda na ce muku. Idon Bawa na gudu wa.

Ba zan wanke shi tas ba. Bawa yana da gudu, yana da baki, ya taɓa ce mini maƙerin hauya a tsakiyar kasuwa, kuma ban manta ba. Amma ran nan a hankali yake tafiya. Matan da ke ɗibar ruwa a kwarin sun faɗa, ba wanda ya saurare su. Ni na ji su.

A nan garejin wani tsohon makanike ya ga na ɗauki ruwa zan zuba wa shasi mai zafi, ya buge mini hannu kamar yaro, da furfurata. Ya ce gatari ake so ya yi tauri, shasi kuwa so ake ya riƙa lanƙwasa yana dawowa duk ramin da ya faɗa. Na yi masa godiya kamar ban sani ba. Manu, gefen hagu ruwa ɗaya suka sha da na dama. Ɗaurin da ka yi sai dai ya tura masa nauyi.

Na uku. A warware motar. Inji da tayoyi na bar wa Bawa cikin sulusin da shari'a ta ba ni. Shasi kuwa kai Manu ka sare shi gunduwa-gunduwa da hannunka, ka ƙera hauyoyi, nan ne taurinsa zai yi amfani. Kada ka sayar da shi ɗungurungum, ko nawa aka taya. In wata rana Allah ya ba ka wata motar ka so ƙarfafa ta, ka huda shasin da sanyi, a gefensa, ban da leɓen sama da na ƙasa. In dole ka sa wuta, ka bar ƙarfe ya huce da kansa cikin toka. Kuma ka tuna ƙarfin shasi ba ya ƙara wa birki komai.

Na huɗu. Balki, shekara uku ba ki gaida baffanki, kin hana 'ya'yanki taka ƙofarsa. Ba shi ba ne, 'yata. Ni ne. Ajali na Allah ne, amma ruwan, hannuna ne ya zuba shi, shirun kuma nawa ne. Ina roƙonki gafara. In kin kasa, kada kowa ya matsa miki, kada a ce miki ai ubanki ne. Ki dai sakar wa yaran hanya su je gidan Bawa.

Na biyar. Mariyama, ke kaɗai kika aiko mini da ƙuli-ƙuli bara. Ya iso. Ban ba kowa ba.

Na shida. A karanta takardar nan da rana a zaure, Bawa yana zaune, da liman da mai unguwa, kada a tsallake ko layi ɗaya. Uwarku ba ta san komai ba, kada a tuhume ta. Gawata a bar ta nan Jos, ba na so a ɗora wa wata mota nauyina.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a hanya, ya jiƙan Isufu, ya raya marayunsa. Ku zauna gida ɗaya, ku ci tukunya ɗaya, kada wanda ya bar gari don gudun ɗan'uwansa. Ranar da za ku zauna karɓar gaisuwata, ku shimfiɗa wa Bawa buzuna a gaba, duk wanda ya shigo ya fara ba shi hannu. In ya ƙi zuwa, ku naɗe tabarmi ku je ku zauna a ƙofar gidansa.