Mahaifina Bai Kwanta Dama Ba

Zuwa ga Mai Kula da Dandalin Zumuncin 'Yan Garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Malam, na fito fili ne saboda na aiko maka saƙo a asirce, amsar da na samu ba ta kashe wutar da ke cin gidanmu ba.

Ni tela ne a Ƙofar Kwaya. Ku kuka jawo mu wannan dandali, kuka ce ba na wani kamfani ba ne, ba mai sayar da sirrinmu, kowace al'umma da rumbunta na ajiye saƙonni da hotuna a intanet. Na ji daɗi, har na shigar da 'yan gidanmu. Ga abin da ya biyo baya.

Na farko. Watan jiya hawan jini ya kayar da mahaifinmu, aka kwantar da shi asibiti. Yayata, cikin ruɗewa, ta ɗauki hotonsa ta sa a dandali. Nufinta ta ce Baba ya kwanta, dama ciwon ya daɗe yana cin sa, a sa shi a addu'a. Sai ta manta waƙafi. Mutane suka karanta "Baba ya kwanta dama", suka tsaya nan. Kafin la'asar an cika ƙasan hoton da Allah ya jiƙansa, kowa na turawa gaba don neman lada.

Na biyu. Shi kansa hoton. Baba mutum ne da ko mu 'ya'yansa ba mu saba ganin kansa ba hula ba. Yau ga shi ba riga, baki a karkace, roba a hanci, a wayar mutanen da ba su ma san sunansa ba.

Na uku. Yayata ta goge, kai ma ka goge, na gode. Amma ka ce sauran rumbunan sun riga sun kwafa, kowanne da mai shi, ba ka da iko da su. To Malam, ni wa zan kama? Da kuna yi mana tallar cewa dandalin ba shi da mai shi, ba ku gaya mana ba wanda za a kai wa kuka ba. Na rubuta gyara har yatsuna sun gaji. Ba mai tura shi, labarin rai ba ya gudu kamar na mutuwa.

Baba yana gida yanzu, bai san komai ba. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali. Na rufe shago na tare a zaure ina tare masu zuwa ta'aziyya. Shekaranjiya wani tsohon abokinsa ya taso tun daga Jibiya yana salati a bakin ƙofa, da ƙyar na janye shi waje. Wayar Baba na ɓoye, na ce tana wurin gyara. Kullum sai ya tambaya, kuma ƙaryar ta kusa ƙare mini. Wallahi tsoro nake ji.

Roƙona, don Allah don Annabi: ka rubuta wa masu sauran rumbunan da kanka, sun fi jin maganarka, su cire hoton. Ka liƙa sanarwa a saman dandali cewa dattijon yana raye. Kuma duk wanda zai shigo nan gaba, ku gaya masa gaskiya da Hausa, cewa abin da ya ɗora a dandali ba lallai ya gogu ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka zuri'a, ya ja kwanan iyayenka. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka zauna kana karɓar gaisuwar mutuwar mahaifinka, alhali yana ɗaki yana kiran ka ka kawo masa ruwan alwala.

Wassalam.

Naka cikin damuwa,
Wani tela, Ƙofar Kwaya, Katsina.