Tuwon da Ya Fitar da Mu Daga Gasa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya kasuwa?

Ka tambaye ni labarin gasar ƙwallon ƙananan kwalejoji ta nan Guangzhou. Yaya, an fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe, kuma bakina ne ya jawo.

Tun da aka haɗa mu da 'yan kwalejin jinya nake cika baki. Na ce 'yan bayansu ba gudu, golansu kuma tsoron ƙwallon sama yake, uku da nema za mu yi musu.

Ranar Juma'a aka sa wasan. Muna fitowa daga masallacin Huaisheng sai wani dattijo, ɗan kasuwar Kano, ya gayyace mu tuwo da miyar kuka. Habu, ɗan Damagaram da ke ci mana ƙwallo, ya ce, "Mu ba shi haƙuri, akwai wasa." Na ce, "Haba Habu, a ƙi tayin babba saboda waɗannan? Ko da ƙafa ɗaya ka ishe su."

Malmala biyu Habu ya tashi da su. A fili ko tsalle ya kasa, golan nan bai ga ƙwallon sama ba har aka tashi. Ɗaya mai ban haushi suka yi mana.

Bana Habu zai gama karatu, ba shi da wata gasar. Har yau bai ce min uffan ba. Wallahi da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi.

Ka ce Inna ta sa mu a addu'a. Ka gaida 'yan gidan kallo, amma don Allah kar ka ba su labarin nan.

Ƙaninka,
Nura